Inshorar lafiya a Nijar: kati a hannu, amma wa zai biya asibiti kan lokaci?

Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024 kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya da aikin tiyata suka ragu da rabi a asibitocin gwamnati na Nijar, bisa wata doka da majalisar ministoci ta amince da ita a watan Agusta na wannan shekara ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. Haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke kuɗin jika 150 da masu ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a fara yi masu wankin ƙoda. Daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa jama'a sun yi murna da matakin, kuma suna da dalilin murna, domin a ƙasar nan fiye da kashi 40 cikin 100 na duk abin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun magidanta yake fitowa kai tsaye.

Sai dai idan mara lafiya ya biya rabi, kuɗin magani bai ragu ba, farashin safar hannu da zaren ɗinki da man motar ɗaukar marasa lafiya ma yana nan yadda yake. Dole wani ya cike ragowar rabin. A nan ne maganar inshorar lafiya ke shigowa, wato kowa ya zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu guda tun yana da lafiya, asusun kuma ya biya asibiti ranar da ciwo ya zo. Nijar na cikin ƙasashen da suka yi alkawarin samar da kiwon lafiya ga kowa kafin 2030, amma tarihin shekaru talatin na ƙasar da abin da ya faru a maƙwabta na nuna cewa sanar da tsari shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda ake tuntuɓe shi ne mayar wa asibiti kuɗinsa kafin ɗakin maganinsa ya zama fayau.

Su wa ke da kariya a yau?

Waɗanda wani ke ɗaukar masu nauyin jinya ƴan kaɗan ne. Ma'aikatan gwamnati na da takardar ɗaukar nauyi wadda ke rage masu kuɗin asibiti. Wasu manyan kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa na saya wa ma'aikatansu inshora a kamfanoni masu zaman kansu, wasu ma'aikatun kuma na da asusun taimakon juna da ake kira mutuwel. Hukumar CNSS, wadda ake cire wa ma'aikatan kamfanoni kuɗinta a albashi, tana kula da fansho, kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki ne, ba ta biyan kuɗin zazzaɓi ko hawan jini.

Sauran jama'a, wato manoma, makiyaya, ƴan kabu-kabu, teloli, masu tebur a kasuwa da matan da ke sana'a a cikin gida, inshorarsu ita ce akuya, buhun hatsi, adashi, ko ɗan'uwan da ke ci-rani a Legas, Abijan ko Libiya. Idan ciwo mai tsanani ya zo, sai a sayar da abin da ke hannu a farashin da mai saye ya yanka, ko a kira waya a jira a turo kuɗi. Sau da yawa wannan jiran ne ke sa a kai mara lafiya asibiti bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa.

Gwajin da aka manta da shi

Tunanin tara kuɗi kafin ciwo ba baƙo ba ne a Nijar. Bayan shirin Bamako na 1987, wanda ya buƙaci jama'a su riƙa sa hannu wajen biyan kuɗin magani, an yi wani gwaji a ƙasar a 1993. A gundumar Say mara lafiya na biya nan take duk lokacin da ya je likita, dala 40 ga babba, dala 20 ga yaro. A gundumar Boboye kuwa an ƙara dala 40 a kan harajin da kowane mai biyan haraji ke bayarwa a shekara, sannan wanda ya je likita ya biya ɗan kaɗan, dala 10 ga babba, dala 5 ga yaro. An bar gundumar Illela ba a canza komai ba domin a samu abin kwatantawa. A Say da Boboye duka an fara wadata likitoci da magani kafin a soma karɓar kuɗi.

Sakamakon ya nuna cewa a Boboye zuwa likita ya ƙaru sosai, musamman a tsakanin mata, yara da mafi talauci, fiye da abin da aka gani a Say. Duk da haka, bayan dokar 1995 kan biyan kuɗin kiwon lafiya a matakin farko, tsarin biya nan take ne ya game ƙasa. Ba shi da wuyar gudanarwa: kuɗi na shiga akwatin CSI a ranar, kwamitin gari na sa ido, majo na sayen magani da su. Illarsa ita ce wanda ba shi da ko dala sai ya zauna gida.

Darasin magani kyauta

Shugaba Mamadou Tandja ne ya fara rusa wannan katanga. A ƙarshen 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki da magungunan tazarar haihuwa, daga baya aka haɗa da kansar mata. Amfanin ya fito fili. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu binciken sun danganta hakan da magani kyauta, da ƙananan likitocin karkara kusan 2,000 da aka gina, da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa.

Matsalar ta taso ne daga yadda aka tsara biyan. CSI za ta duba yaro ta ba shi magani daga cikin kayanta, sannan ta cika takardun neman biya. Takardun su je gunduma, daga nan su je jiha, su isa ma'aikatar lafiya a Yamai, a tantance, a miƙa wa baitulmali. A kowane mataki ana iya samun jinkiri, kuma kuɗin da ake warewa a kasafi ba su kai yawan takardun da ke shigowa ba. Watanni suka riƙa zama shekaru, bashin da asibitoci ke bin gwamnati ya kai miliyar-miliyar na sefa.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya san shi. Yara su ne mafi yawan masu zuwa CSI, balle a lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta. Idan ba a mayar da kuɗinsu ba, likitar ba za ta iya sayen sabon magani a hukumar ONPPC ko a wajen ƴan kasuwa ba. Sai a duba yaro kyauta, a rubuta wa uwarsa takardar magani ta tafi farmasi ta saya da tsada, ko ta ƙare a wajen mai tallar magani a bakin hanya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna bayyana cewa an yanke shawarar ne daga sama cikin gaggawa, ba tare da an shirya kuɗi da hanyar biya ba, kuma ma'aikatan lafiya ne suka sha zargin jama'a a kan laifin da ba daga gare su ya taso ba.

Domin gyara wannan ne aka kafa hukumar INAM, wadda aikinta shi ne tantance takardu da biyan kuɗin kulawar da gwamnati ta ɗauki nauyi. A gundumomin Gaya da Gotheye kuma an gwada inshorar lafiya ta matakin gunduma da taimakon hukumar Enabel ta ƙasar Beljiyam. Duk wani babban tsarin inshora da za a shimfiɗa a ƙasa baki ɗaya zai bi ta wannan hanya ce ta takardu, tantancewa da biya. Idan hanyar ta toshe, katin inshora zai zama kamar tsohon alkawarin kyauta, a nuna shi a ƙofa, a fita da takardar farmasi.

Burkina Faso ta yi la'akari da irin wannan matsala lokacin da ta fara nata shirin kyauta ga mata masu ciki da ƙananan yara a 2016. Maimakon ta ce asibiti ya yi aiki a biya shi daga baya, sai ta riƙa tura kuɗi tun gaba, a yi lissafi bayan an kashe. Ita ma ta gamu da jinkiri daga baya, amma dabarar ta nuna cewa ana iya juya tsarin, ya zama gwamnati ce ke bin asibiti lissafi maimakon asibiti ya riƙa bin gwamnati bashi.

Daga ina kuɗin za su fito?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Inshora na tsayawa ne idan masu zuba kuɗi sun fi masu ciwo yawa nesa ba kusa ba. A Turai ana cire kuɗin a albashi, amma a Nijar masu albashin wata ƴan tsiraru ne. Kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kuma binciken 2021 ya nuna mace ɗaya na haihuwar yara sama da 6 a tsawon rayuwarta. Magidanci mai mata biyu da ƴaƴa goma, ko da jika ɗaya aka ce ya biya wa kowane kai a shekara, jika 13 ke nan a lokaci guda. Manomin gero a Mayahi ko mai albasa a Galmi na ganin kuɗi ne da kaka ko bayan ya sayar da amfanin gona. Idan aka ce ya riƙa biya wata-wata kamar ma'aikaci, a lokacin bazara zai daina.

Akwai kuma wata matsala da masana inshora suka sani sarai. Idan shiga na ganin dama ne, masu ciwo da mata masu juna biyu ne ke rugawa su yi rajista, matasa masu jini a jika su ce sai wata rana. Asusu ya cika da masu cirewa, masu zubawa su yi ƙaranci, ba a jima ba ya karye. Wannan ne ya kashe ƙananan mutuwel da yawa a yankin Afirka ta Yamma. Shi ya sa ake sa sharaɗin a yi wa gida duka rajista, ko a jira wasu watanni bayan biya kafin kati ya fara aiki.

Ga wanda ba shi da abin biya kwata-kwata, gwamnati ce za ta biya masa, kuma a nan ƙarfin baitulmali ke bayyana. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma Nijar, kamar mafi yawan ƙasashen nahiyar, ba ta kai nan ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO da janyewar wasu masu ba da tallafi, an rage kasafin kuɗin wannan shekara da kashi 40 cikin 100, daga miliyar 3,291 zuwa miliyar 1,981. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma kuɗin tsaro na ci gaba da cin kaso mai yawa. Asusun inshorar da zai dogara ga abin da ya rage a kasafi kowace shekara zai faɗa ramin da shirin 2006 ya faɗa.

Abin da ƴan ci-rani suka gani da idonsu

Dubban ƴan Nijar na zaune a ƙasashen da suka riga suka bi wannan hanya, kuma kowace na da darasin da za a ɗauka.

Gana ta kafa tsarinta na NHIS a 2003 a zamanin shugaba John Kufuor domin kawo ƙarshen biya kafin a taɓa mara lafiya. Ta ɗora shi a kan haraji na musamman na kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da hidimomi, da wani kaso daga kuɗin fansho na ma'aikata. Mazauna zango a Kumasi da Akra sun san amfanin katin, kuma tun ƙarshen 2018 ana sabunta shi ta wayar hannu ba tare da bin layi ba. Amma ko a can an sha samun lokutan da asibitoci suka yi watanni ba a biya su ba, har wasu suka yi barazanar komawa karɓar kuɗi hannu da hannu. Harajin na shiga baitulmali da farko, kuma ba kullum yake isa asusun inshora a kan kari ba.

A Kwaddibuwa dokar CMU ta 2014 ta shafi duk mazaunin ƙasar, har da baƙi. An yanka jika ɗaya a wata ga kowane mutum, asusu kuma ya ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya. A 2022 gwamnati ta mayar da shaidar rajista sharaɗi wajen samun wasu takardu da hidimomin hukuma. Miliyoyin mutane sun karɓi kati, amma masu amfani da shi a asibiti kaɗan ne idan aka kwatanta, saboda koke-koken cewa ba ko'ina ake karɓarsa ba, kuma ba kowane magani ya ƙunsa ba. Yawan katunan da aka buga bai isa ya zama ma'aunin nasara ba.

Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin a 2005, amma ya tsaya galibi a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya. A watan Mayu na 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, tare da asusu na musamman domin marasa galihu. Duk da wajabcin, mafi yawan ƴan ƙasar har yanzu daga aljihu suke biya. Wani abin lura ga Nijar shi ne sunan da jihohin Kano, Katsina da Sakkwato suka ba nasu hukumomin, inda suka kira tsarin na taimakekeniya. Mutane da yawa na ƙyamar kalmar inshora saboda shakkun caca ko riba a cikinta, alhali malamai da dama sun amince da tsarin takaful, wanda a cikinsa kuɗin da aka zuba gudummawa ce ta taimakon juna. Duk wanda zai kai wannan magana Tibiri, Mirriya ko Madawa sai ya zauna da malamai da sarakuna tun kafin a buga kati.

Mali kuma ta nuna abin da rashin yarda ke haifarwa. Bayan dokar AMO ta 2009, an fara cire kuɗi a albashin ma'aikata tun kafin su ga hidimar a ƙasa. A 2011 wasu ƙungiyoyin ƙwadago, har da na ƴan sanda, suka fito zanga-zanga, gwamnati ta ba wanda ba ya so damar ficewa. Da tsarin ya fara aiki aka ga abokan aiki na karɓar magani da rangwame a farmasi, da yawa daga cikin waɗanda suka fice suka nemi komawa. Jama'a ba sa ƙin biya idan sun ga abin da kuɗinsu ke sayowa.

Kati ba ya warkarwa

Ko an tara kuɗi, ko ana biya kan lokaci, akwai tambayar abin da mai kati zai tarar. Ƙwararrun likitoci sun fi taruwa a Yamai da manyan biranen jihohi. Babban asibitin ƙasa na Damagaram da asibitin ƙwararru na Maraɗi na karɓar marasa lafiya daga nesa, wasu kuma na tsallaka iyaka zuwa Katsina, Kano ko Sakkwato. Ƙauyuka da yawa sun fi kilomita 5 nesa da likita mafi kusa, a wasu sassan Tilaberi, Difa da Tawa kuma matsalar tsaro ta sa an rufe wasu likitocin. Kuɗin amalanke ko mota, abincin mai jinya da ranakun aikin da aka rasa ba sa cikin lissafin kowace inshora. Mutumin da ke da tafiyar rabin yini kafin ya ga ma'aikacin lafiya zai yi wuya ya yarda ya biya daidai da na unguwar Plateau a Yamai.

Sai kuma maganar shaida. Inshora na buƙatar sanin wane ne wane, alhali yara da manya da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa. Idan babu rajista mai inganci, kati ɗaya zai yi wa unguwa guda aiki, ko a rubuta sunayen marasa lafiyar da ba su taɓa zuwa ba. Idan kuma aka tsananta bincike da takardu, biya ya ƙara jinkiri. Sa kwamfuta a lissafi na rage wannan, amma yana buƙatar wutar lantarki, intanet da ma'aikatan da aka horar a kowace CSI.

Inda matasa da ƴan ƙasar waje suka shigo

Ƴan Nijar mazauna waje sun riga sun zama asusun jinya na danginsu, sai dai suna biya ne a lokaci mafi tsada, bayan ciwo ya yi nisa. Hanyoyin tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza sun kai har ƙananan garuruwa. Da za a ba ɗan ci-rani damar biya wa iyayensa da iyalinsa kuɗin shekara daga inda yake, ya kuma samu saƙo a waya cewa katinsu na aiki, da asusun ya samu kuɗi masu tabbas, shi kuma ya huta da kiran tsakar dare. Haka ma ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, direbobi, mahauta da matan adashi, waɗanda suka saba tara kuɗi a tsakaninsu, za su iya shiga a ƙungiyance, manoma kuma a karɓi nasu da kaka.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uwar da aka ce mata magani kyauta ne ta kuma fita da takardar farmasi ba za ta yi saurin miƙa kuɗinta ga sabon alkawari ba. Saboda haka ma'aunin farko na duk wani gyara shi ne abin da ke faruwa yanzu da rangwamen 2024 da kulawar kyauta da ake da ita: kwana nawa takardar CSI ke yi kafin a biya ta, nawa ne ya rage na tsohon bashi, kuma magungunan da aka fi buƙata na nan a kan kanta ko babu. Waɗannan alƙaluma ne da hukuma za ta iya bugawa jiha-jiha kowane wata uku, ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula su bi sawu. Ranar da majo a Dakoro ko Tanut ya daina rubuta wa iyaye takardar sayen maganin da ya kamata su samu a wajensa, shawo kan jama'a su yi rajista ba zai buƙaci dogon jawabi ba.